Shawara: daga ina rawayar ido take fitowa?

Me ke sa farin ido ya koma rawaya?

Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi a jiki, sai saifa ta farfasa waɗanda suka tsufa. Daga ragowarsu ake samun wani sinadari ruwan ɗorawa da likitoci ke kira bilirubin. Hanta ce ke karɓarsa ta gyara shi yadda zai narke a ruwa, ta zuba shi cikin ruwan matsarmama ya gangara hanji. Shi ne ma ke ba bayan gida launinsa. In ya taru a jini har ya kai wajen miligiram 3 a desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita), ido ne ke fara tona asiri.

Ke nan duk shawara ciwon hanta ce?

A'a. Ko dai jini na fashewa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, kamar a sikila da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko hantar ce ta kamu, kamar a ciwon hanta nau'in B, ko kuma bututun matsarmama ya toshe da tsakuwa ko ƙari. Mai toshewa fitsarinsa kan yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an dafa saiwar rawaya ana ɗura wa kowa. Jiƙo ba ya fitar da tsakuwa, kuma hantar da ta galabaita ce za ta sake ɗaukar nauyinsa.

Kakar jaririna ta ce shawarar jarirai tana tafiya da kanta. Haka ne?

Sau da yawa haka ne. Fiye da rabin jarirai na yinta a makon farko saboda hantarsu ba ta gama ƙwari ba. Matsalar ita ce ɗakin mai jego: labule a sauke, jariri a naɗe, ana jiran suna. Fito da shi hasken rana kullum, ki danna hancinsa da yatsa ki duba fatar, ki leƙa dasashinsa. In rawayar ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauko tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi kama nono, kada a jira ranar suna, domin sinadarin na iya shiga ƙwaƙwalwa ya bar kurumta ko shanyewar gaɓɓai. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ana auna jinin, a sa jariri ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, in ta yi tsanani a sauya masa jini.

Kafur da lalle fa?

Jaririn da ya gaji ƙarancin G6PD (sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), wanda ya fi yawa a maza, kafur ɗin cikin akwatin kayansa ko lallen da aka shafa masa na iya fasa masa jini. A cire su.

In shawarar jariri ta wuce mako biyu?

A duba launin kashinsa. In fari ne, wataƙila an haife shi da toshewar bututun matsarmama, kuma tiyatar ta fi nasara kafin ya cika kwana 60.