Wai Wanda Ya Daɗe Yana Shan Sigari Barinta Ba Amfani?

"Shekara ashirin ina sha, ai aikin gama ya gama." Da wannan magana mashaya da yawa ke rufe bakin mai yi musu nasiha, alhali ba haka abin yake ba.

Binciken da wani masanin lafiya, Richard Doll, ya fara kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50, ya nuna wanda ya daina yana ɗan shekara 30 yakan tsira da kusan shekara 10 na rayuwar da sigari za ta ci masa. Mai shekara 50 yakan samu 6, mai 60 ma yakan samu 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara guda da dainawa, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yakan ragu da kusan rabi.

Wahalar dai akwai ta. Ciwon kai, fushi da rashin barci sukan tsananta a kwanakin farko, jiki ne ke neman nikotin, sinadarin cikin sigari da ke sa a kasa barinta, kuma sukan lafa cikin makonni. Ka sa rana, ka zubar da ragowar kwalin, ka ɗan ƙaurace wa majalisar da ake busawa. In abin ya yi tsanani, nemi likita ya ba ka cingam ɗin nikotin.