Rinin gashi na tsilla-tsilla

Rinin gashi na tsilla-tsilla, wanda masu shagon gyaran gashi ke kira hailait, shi ne a ware wasu silalan gashi a haskaka launinsu, a bar sauran yadda Allah ya yi shi. Duk da ana ce masa rini, a mafi yawan lokuta ba launi ake ƙara wa gashin ba, cire masa nasa ake yi. Wannan ne ya bambanta shi da lalle, wanda ke hawa kan gashi ya rufe shi da ja.

Tarihi

Son gashi mai haske tsohon abu ne a Turai. Marubutan Rum ta dā sun ambaci wani haɗi na kitsen akuya da tokar itace da ake samowa daga ƙabilun arewacin Turai, ana shafa shi don gashi ya yi ja-ja. A birnin Benis na Italiya, wajajen ƙarni na 16, mata kan hau rufin soro su zauna cikin rana da malafa marar tsakiya. Sai su fito da gashin ta saman, su baza shi a kan faifan malafar bayan sun jiƙa shi da haɗe-haɗe, rana ta yi ta dukansa, fuska kuwa tana inuwa.

Sinadarin da ya sauya al'amarin shi ne haidurojin feroksaid, wanda Bafaranshe Louis Jacques Thénard ya gano a 1818. An ce a baje kolin birnin Faris na 1867 aka fara nuna shi a matsayin abin haskaka gashi. A 1907 wani matashin masanin sinadarai, Eugène Schueller, ya haɗa rinin da yake sayar wa masu gyaran gashi a Faris, kamfanin da ya kafa a 1909 kuma shi ne ya zama L'Oréal. Shigar rini ɗakunan mata kuwa ta zo ne daga baya. Kamfanin Clairol na Amurka ya fitar da rinin da ake yi a zama ɗaya a 1950, sannan wanda mace za ta saya ta yi da kanta a gida a 1956.

Ware silalan kansa ya bi matakai. A wajajen shekarun 1960 aka yi yayin hular roba mai ƙananan huda, da ake zaro silalan ta cikinsu. Salon share magani da burushi ba tare da hula ba, wanda Faransawa ke kira balayaj, wato shara, ana danganta shi da shagon Carita na Faris a shekarun 1970. Naɗe gashi a takardar alminiyom ya yaɗu bayan haka, watakila a shekarun 1980.

Yadda maganin ke aiki

Launin gashi daga wani sinadari mai suna melanin yake, kuma iri biyu ne: mai ba da baƙi da ƙasa-ƙasa, da mai ba da ja da ɗorawa. Amoniya ko makamancinta takan buɗe ɓawon silin, feroksaid da hodar bilicin su shiga su farfasa melanin ɗin. Na baƙin ne ke fara mutuwa, shi ya sa baƙin gashi ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa fari. Sai ya bi ta ja, ya koma ruwan lemo, sannan ɗorawa. Wanda ya wanke da wuri, ruwan lemon zai gani a madubi. Ƙarfin feroksaid ana rubuta shi a jikin kwalba da lamba 10, 20, 30 ko 40, wato kashi 3, 6, 9 da 12 cikin ɗari.

Yi a gida

Kwalin da ake sayarwa yakan zo da hoda, da ruwan haɗi, da safar hannu, da hula tare da ƙugiya irin kwarashi don zaro gashi ta hudojin. Kamfanoni na umartar a gwada ɗan maganin a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu awa 48 kafin a yi, a kuma gwada a kan ɗan sili guda. Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙeya, tunda ido ba ya kaiwa, da kuma barin magani ya wuce lokacin da aka rubuta. Gashin da aka sa wa rilaksa ya riga ya yi rauni, idan bilicin ya hau kansa yakan kakkarye. Haka wanda aka taɓa rina shi da lallen da aka gauraya da gishirin ƙarfe, yana iya ɗaukar zafi ya lalace. Da yake gashi na tsirowa kimanin santimita 1 a wata, baƙin tushe kan sake bayyana cikin 'yan makonni.

Lafiya

Ƙunar fatar kai da ƙaiƙayi su ne suka fi yawa. Sinadarin PPD da ke cikin rini mai duhu, irin dayis da ake yin baƙin ƙunshi da shi, yana sa wasu kumburin fuska da ƙuraje. Kan batun sankara ba a gama magana ba: hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai yiwuwar haɗari ga masu sana'ar gyaran gashi, amma ba ta yanke hukunci kan mai rini jefi-jefi ba.

A addini

Malaman Musulunci sun yarda da rina furfura da lalle. Saɓaninsu a kan baƙi wuluk ne.