Jiniya ba ta kai inda ake zato

Mutane da yawa sun ɗauka duk direban da bai kauce wa motar asibiti ko ta kashe gobara ba, taurin kai ne ke damunsa. Wai ai jiniya ko kurma ya ji ta. Ba haka abin yake ba.

Gaskiya ne a kusa da motar, ƙarar na kaiwa wajen desibel 120 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), har kunne ya yi zafi. Amma a fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarar na raguwa da kimanin desibel 6. Sannan lasifikar jiniyar gaba take fuskanta, can take tura sautin. Wanda ke tahowa daga gefe a mahaɗar hanya a makare yake jin ta, ga gine-gine sun tare. To balle wanda ya ɗage gilasai, ya kunna iya-kwandishan da rediyo. Sau da yawa sai motar ta zo dab da shi yake farga.

Shi ya sa ake haɗa jiniya da fitilu masu walƙiya, ake kuma koya wa direbobin irin waɗannan motoci su rage gudu a mahaɗa, su duba dama da hagu, ko da jiniyar na ta kuwwa.