Karatun dokar tsarin mulkin Italiya a jami'a: tambaya da amsa

Wai a ina ake karanta wannan kwas ɗin, kuma shekara nawa ne?

Ba digiri ba ne shi kaɗai, darasi ne guda a cikin digirin lauya, wanda su can suke ce wa Giurisprudenza, shekara 5 a jere ba tsayawa, kiredit 300. Yawancin jami'o'i a shekarar farko suke saka shi, tare da dokar mu'amala tsakanin mutane da dokar Rumawa ta dā, wato tun kana sabon shiga ko hanyar laburare ba ka gama ganewa ba za a ɗora maka shi. Masu karanta kimiyyar siyasa da tattalin arziki su ma suna taɓa shi amma a taƙaice. Kuma da Italiyanci ake koyarwa a mafi yawan wurare, to harshen nan fa ba a yi masa wayo, sai an iya shi.

Daga ina ya kamata mutum ya fara?

Daga tarihi, wallahi daga tarihi. Na ga ɗalibai da yawa suna buɗe kundin tsarin mulkin su fara hadda daga sashe na 1 kamar masu biya allo, ƙarshe su haddace komai amma a tambaye su me ya sa aka rubuta haka sai su yi shiru. Kafin wannan kundin Italiya tana da wani tsohon da Sarki Carlo Alberto ya bayar a 1848, matsalarsa ita ce doka ta yau da kullum tana iya canza shi, to da ɗan kama-karya Mussolini ya hau mulki a 1922 bai ma sha wahalar soke shi ba, dokoki kawai ya riƙa yi ɗaya bayan ɗaya har ya cinye ƴancin mutane kaf, kundin yana nan a takarda amma ba ya kare kowa. Bayan yaƙin duniya na biyu, ranar 2 ga Yuni 1946 aka yi ƙuri'ar raba gardama, jamhuriya ta kayar da sarauta da kusan kashi 54 cikin ɗari, kuma a ranar aka zaɓi majalisar rubuta kundi mai mutum 556, mata 21 a cikinsu. Ƴan jam'iyyar Kiristoci da ƴan gurguzu da ƴan kwaminis, mutanen da ba sa ga maciji da juna, wasunsu ma daga kurkuku ko gudun hijira suka dawo, su suka zauna suka rubuta. An amince da shi 22 ga Disamba 1947 da ƙuri'a 453, 62 suka ƙi, ya fara aiki 1 ga Janairu 1948. In ka riƙe a ranka cewa masu rubutun nan wanda maciji ya sara ne suna ganin igiya, babu abin da suke tsoro kamar mutum ɗaya ya sake tattara iko, to rabin kwas ɗin ka gane shi.

Kundin nasu yana da yawa ne?

A'a, ɗan ƙarami ne, sashe 139 sai wasu tanade-tanaden wucin gadi 18 a ƙarshe. Sashe 12 na farko su ne tushe, daga 13 zuwa 54 haƙƙoƙi da wajiban ɗan ƙasa, daga 55 zuwa ƙarshe tsarin hukuma. A zama ɗaya za ka karance shi. Sashe na 1 ya ce Italiya jamhuriya ce ta dimokuraɗiyya da aka gina a kan aiki, amma ni wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na 3, don bai tsaya a cewa kowa daidai yake a gaban doka ba, ya ƙara da cewa nauyi ne a kan jamhuriya ta kawar da shingayen tattalin arziki da na zamantakewa da ke hana mutane samun daidaiton a zahiri. Wato sun san faɗa wa talaka cewa daidai yake da mai kuɗi ba ya cika masa ciki.

To ina wahalar take in kundin gajere ne?

A babin tushen dokoki, nan ne ake zubar da ɗalibai. Wace doka ce sama da wace, in biyu suka ci karo wa za a bi, ina matsayin dokar Tarayyar Turai, ina iyakar dokar yanki da ta ƙasa tunda suna da yankuna 20, biyar daga ciki masu matsayi na musamman irin su Sisili da Sardiniya, kuma gyaran 2001 ya sake rabon ikon gaba ɗaya. Sai dokar gaggawa ta sashe na 77, gwamnati ta fitar da ita ta fara aiki nan take amma in majalisa ba ta mayar da ita cikakkiyar doka cikin kwana 60 ba ta rushe kamar ba a taɓa yin ta ba. Gwamnatoci sun daɗe suna dabara, kwana 60 na cika su sake fitar da irin ta sak, har sai da kotun tsarin mulki ta taka musu birki a hukunci mai lamba 360 na 1996. Irin wannan hukuncin da lambarsa da shekararsa farfesoshi ke son ji a bakinka.

Kotun tsarin mulkin fa, kamar kotun ƙoli ce ta Najeriya?

Ba ɗaya ba ne. Tasu kotu ce ta daban, ba ita ce ƙarshen ɗaukaka ƙara ba, aikinta auna doka da kundi. Alƙalai 15, shugaban ƙasa ya naɗa 5, majalisun biyu, ta wakilai da ta dattawa, a haɗe su zaɓi 5, manyan kotuna su zaɓi 5, shekara 9 ba ƙari, ka ga nan ma an raba ne don kar hannu ɗaya ya cika ta da mutanensa. Ba ta fara zama ba sai 1956, kuma hukuncinta na farko ya tabbatar tana da ikon duba dokokin da aka gada daga zamanin Mussolini. Abin da ke ba mutane mamaki, ɗan ƙasa ba ya zuwa wajenta kai tsaye, sai dai ana cikin shari'a a kotu ta ƙasa alƙalin ya ga dokar da zai yi aiki da ita akwai shakka a kanta, ya dakatar da shari'ar ya tura tambayar zuwa kotun tsarin mulki a Rum.

Ana iya gyara kundin?

Ana iyawa amma da gumi. Sashe na 138 ya ce kowace majalisa sai ta kaɗa ƙuri'a sau biyu da tazarar aƙalla wata 3, in a karo na biyu ba a samu kashi biyu cikin uku ba ana iya neman raba gardama. A 2006 jama'a sun ƙi wani babban gyara, a Disamba 2016 suka ƙi na Matteo Renzi har ya ajiye muƙamin firaminista, amma a 2020 suka yarda aka rage ƴan majalisar wakilai daga 630 zuwa 400, zaɓaɓɓun sanatoci daga 315 zuwa 200. Sashe na 139 kuwa ya kulle ƙofa ɗaya, ba a komawa sarauta ko da wane irin gyara.

Maganar addini fa, akwai ta a ciki?

Sosai ma. Sashe na 7 na cocin Katolika ne da yarjejeniyar Lateran ta 1929 tsakanin cocin da hukumar Italiya wadda aka sabunta a 1984, sashe na 8 ya ce duk addinai ƴancinsu ɗaya a gaban doka, kuma sauran addinan za su tsara alaƙarsu da hukuma ta hanyar yarjejeniya. Yahudawa da mabiya Buddha da Hindu da wasu coci-coci sun samu tasu, Musulmi kuwa har yanzu babu, duk da yawansu a ƙasar da babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995, kuma dalilin da aka fi kawowa shi ne rashin ƙungiya guda da ke wakiltar kowa. Ɗalibi Musulmi da ke neman abin rubuta kundin kammala digiri, ni dai da zan ba da shawara nan zan nuna masa.

Yaya jarabawar take?

Yawanci ta baki ce, ka zauna gaban farfesa ko mataimakinsa, sauran ɗalibai na bayanka suna ji, ya jefo tambaya ka yi bayani. Maki 30 ne, 18 ne cin jarabawa, kuma a wurare da dama in makin bai yi maka ba kana iya ƙin karɓa ka dawo zagaye na gaba. Saboda haka karatun zuci bai wadatar ba, ka samu aboki ku riƙa yi wa juna tambaya da babbar murya, ka bayyana masa yadda ake zaɓen shugaban ƙasa na shekara 7, da dalilin da ya sa gwamnati ke buƙatar amincewar majalisun biyu duka, kundin yana buɗe a gabanku kuna duba lambar kowane sashe, har ranar da za ka iya yin bayanin da Italiyanci ba ka leƙa takarda ba.