Waiwaye: Yadda katin buɗe ƙofa ya maye gurbin mukulli a gine-ginen jami'a

Jami'a ba ta tashi aiki da ƙarfe huɗu kamar sauran ma'aikatu. Mai bincike a ɗakin gwaje-gwaje na iya buƙatar duba abin da ya haɗa da tsakar dare, ɗalibin da jarabawa ta ƙarato kuma yakan kwana a gaban kwamfuta. Shi ya sa tambayar wa zai shiga gini bayan dare ya yi ta daɗe tana damun hukumomin jami'o'i.

A da, amsar ita ce mukulli da maigadi. Matsalar mukulli kuwa sananniya ce. Ana iya yanka wani irinsa cikin mintuna, ba ya nuna wanda ya yi amfani da shi, kuma idan babban mukullin da ke buɗe dukan ƙofofi ya ɓata, sai an sauya makullan ginin gaba ɗaya. Ɗalibai kan kammala karatu su tafi da mukulli a aljihu.

Fasahar da ta kawo sauyi ba a jami'a aka fara ta ba. Kamfanin IBM ne ya samar da kati mai zanen maganaɗisu a shekarun 1960. A 1975 wani ɗan ƙasar Norway, Tor Sørnes, ya ƙirƙiro makullin da ake buɗewa da katin roba mai ramuka, otal-otal ne kuma suka fara rungumarsa. Daga baya aka samu katin da ba sai an goga shi ba, kusantar da shi ga na'ura kawai ya isa. Abin da ya ja hankalin jami'o'i shi ne sauƙin soke katin da ya ɓata daga ofis, da damar tsara cewa wane zai shiga gini kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza.

Amma abin da ya tilasta ɗaukar lamarin da gaske masifa ce. A watan Afrilun 1986 aka kashe Jeanne Clery, 'yar shekara 19, a ɗakin kwananta da ke jami'ar Lehigh a jihar Pennsylvania ta Amurka. Ginin yana da ƙofofi masu kulle kansu, sai dai an tokare su a buɗe, wanda ya kashe ta, shi ma ɗalibi, ya wuce ba tare da wani cikas ba. Iyayenta suka dage har majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1990, wadda yanzu ke ɗauke da sunanta. Dokar ta wajabta wa jami'o'in da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya su riƙa bayyana alƙaluman laifukan da aka aikata a harabarsu, da tsarinsu na shiga gine-gine.

A ganina, wannan ƙofar da aka tokare ita ce zuciyar labarin, domin har yau ba a rabu da ita ba. Wanda ya tokare ƙofa ba mugu ba ne. Abokinsa yake jira, ko ya fita shan iska ya bar katinsa a kan tebur, ko kuma ya nemi izinin shiga da dare an bar shi yana ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi. Haka nan mai riƙe wa na bayansa ƙofa, ladabi yake yi, kunya ba za ta bar shi ya tambayi baƙon fuska katinsa ba. Na'ura ta rubuta mutum ɗaya, alhali uku ne suka shiga.

Shi kansa katin an gano lagonsa. A 2008 masu bincike a jami'ar Radboud da ke Nijmegen a ƙasar Holan suka nuna cewa ana iya kwafar katin MIFARE Classic, wanda ake amfani da shi a gine-gine da tashoshin sufuri da dama a duniya. Kamfanin NXP mai ƙera shi ya je kotu don hana wallafa binciken, kotu ta ƙi amincewa. Sauya dubban na'urori da katuna yana cin kuɗi, don haka tsofaffin tsare-tsare kan daɗe a jikin ƙofofi bayan an san rauninsu.

Shekara guda bayan haka, a Satumban 2009, aka kashe wata ɗaliba mai karatun digiri na uku a cikin wani ginin bincike na jami'ar Yale ta Amurka da ba a shiga sai da kati. Bayanan katin sun taimaka wa 'yan sanda wajen gano mai laifin, wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ke da cikakken izinin shiga. Katin ya ba da shaida, amma bai ceci rai ba. Kuma rajistar da ta yi wannan amfani ita ce ke nuna lokacin zuwan kowane ma'aikaci da tafiyarsa, shi ya sa ya kamata a fayyace wa ke da ikon duba ta da tsawon lokacin da za a ajiye ta.

Harin 13 ga Fabrairun 2023 a jami'ar jihar Michigan ta Amurka ya sake tayar da muhawarar. Wani mutum da ba shi da alaƙa da makarantar ya shiga gine-ginen da ke buɗe da dare, ya kashe ɗalibai uku. Bayan wata guda jami'ar ta fara kulle yawancin gine-ginenta daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 7:30 na safe, sai mai kati. Matakin yana da hujja, ko da yake ya rage buɗaɗɗiyar ƙofar da aka san jami'ar gwamnati da ita ga jama'ar gari.

Yanzu kati yana komawa cikin waya. Tun 2018 jami'o'in Amurka irin su Duke da Alabama suka fara barin ɗalibai su buɗe ƙofa da iPhone. Mutum ba ya ba da aron wayarsa kamar yadda yake ba da kati, wannan ci gaba ne. Sauran aikin yana hannun hukumar jami'a: ta cire sunayen waɗanda suka bar makaranta a kan lokaci, ta sa ƙararrawa a ƙofar da ta daɗe a buɗe tare da mai amsa ta, ta kuma hanzarta ba da izini ga ɗalibin da aikinsa ke buƙatar dare.