Koyar da Dokokin Yaƙi a Makarantu

Koyar da dokokin yaƙi fanni ne na ilimi da ke sanar da ɗalibai iyakokin da doka ta gindaya wa masu faɗa da makami, da kariyar da ta ba wanda ba ya cikin faɗan: farar hula, da wanda ya ji rauni, da fursunan yaƙi, da ma'aikacin lafiya. Ana kiran waɗannan ƙa'idoji dokar jinƙai ta ƙasa da ƙasa. Dokar ba ta duba waye ke da gaskiya a rikicin. Abin da ta sa a gaba shi ne yadda ake gudanar da faɗan, da kiyaye mutuncin ɗan Adam ko da abokin gaba ne.

Asali da wajibci

Tushen dokar ta zamani ya faro ne daga yaƙin Solferino a arewacin Italiya, ranar 24 ga Yuni, 1859, inda wani ɗan kasuwa ɗan Suwizalan, Henry Dunant, ya tarar da dubban sojoji yashe a fili da raunuka babu mai jinya. Kiran da ya yi ya kai ga kafa kwamitin Red Cross a 1863, da yarjejeniyar Geneva ta farko a 1864. Yarjeniyoyin Geneva huɗu da ake aiki da su yanzu an ƙulla su a 1949, kuma ƙasashe 196 sun amince da su.

Kowace ɗaya cikin huɗun tana da sashen da ya wajabta wa ƙasa yaɗa abin da ke cikinta a lokacin zaman lafiya da na yaƙi, ta sa shi cikin horon soja, in da hali har da karatun farar hula. Ƙarin yarjejeniya ta farko ta 1977 ta sake jaddada haka a sashe na 83. Hikimar a fili take: ba a fafe gora ranar tafiya. Matashin da ya riƙe bindiga bai taɓa jin cewa haramun ne a harbi wanda ya ɗaga hannu ya miƙa wuya ba, da wuya ya koyi hakan a tsakiyar ruwan harsashi.

Yadda ake darasin

Fitaccen tsari a wannan fanni shi ne manhajar EHL (Exploring Humanitarian Law, wato nazarin dokar jinƙai), wadda kwamitin Red Cross ya shirya domin 'yan shekara 13 zuwa 18, aka soma amfani da ita a farkon shekarun 2000. Ba ta farawa da haddar sassan doka. Malami kan kawo labarin wani ɗan kallo da ya ga ana wulaƙanta mutum, ya tambayi aji: me ya sa wannan ya tsoma baki, sauran suka kau da kai? Sannan a nuna hoton fursuna da aka ɗaure wa ido, a ce wa ɗalibai su rubuta ƙa'idojin da za su so a bi da a ce ɗan'uwansu ne. Sai bayan sun gama ake buɗe musu sashe na 3 da yarjeniyoyin huɗu suka yi tarayya a kansa, su ga cewa yawancin abin da suka rubuta yana nan: an hana kisa, da azabtarwa, da garkuwa da mutane, da cin mutunci, da yanke hukunci ba tare da shari'a ba. Wannan sashe ne ya shafi yaƙin cikin gida, irin wanda ya addabi yankin Tafkin Chadi.

Daga nan ake shiga lamura masu wuya. Ɗaya daga cikinsu shi ne kisan ƙauyen My Lai a Biyetnam, ranar 16 ga Maris, 1968, inda sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan fararen hula, wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ya sauka tsakaninsu da mutanen ƙauyen ya ceci wasu. Da wannan ake nuna cewa "umarni aka ba ni" ba ya wanke wanda ya aikata laifin yaƙi. Batun yara sojoji kuwa shi ya fi taɓa ɗalibai, domin sa'o'insu ne. Sa yaro ɗan ƙasa da shekara 15 cikin faɗa laifin yaƙi ne, kuma a kansa Kotun Duniya Mai Hukunta Manyan Laifuka ta kama Thomas Lubanga na Kwango da laifi a 2012.

A jami'a darasin yakan zama gasar kotun gwaji. Gasar Jean-Pictet da aka soma a 1989 ita ce ta fi suna, kuma ɗaliban Afirka suna da tasu da aka saba yi a Arusha ta Tanzaniya.

Alaƙa da karatun Musulunci

Ga ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa, yawancin waɗannan ƙa'idoji ba baƙi ba ne, kuma malamin da ya gabatar da su tamkar kayan Turawa zalla ya yi asarar babbar dama. Alƙur'ani ya faɗa a Suratul Isra'i cewa Allah ya karrama 'ya'yan Adam. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandansa Yazidu bin Abi Sufyan: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rusa gari, kada a yanka tunkiya ko raƙumi sai don ci.

A ɓangaren dokar ƙasa ma ƙa'idojin ba baƙi ba ne: Nijeriya ta shigar da yarjeniyoyin Geneva cikin dokokinta a 1960, sannan a 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba wa dakarun tarayya takardar ƙa'idojin aiki a yaƙin basasa. Nijeriya da Nijar duk sun amince da Sanarwar Kare Makarantu ta Oslo ta 2015, wadda ke neman a daina mayar da makarantu sansanin soja, kuma a Abuja aka yi taron duniya na huɗu a kanta a watan Oktoba na 2021.