Masarautar Bhopal

Bhopal tsohuwar masarauta ce ta Musulmi a tsakiyar ƙasar Indiya, ɗaya daga cikin ɗaruruwan masarautun da Turawan Ingila suka bar wa sarakunansu ragamar mulkin cikin gida, su kuma suna riƙe da harkokin tsaro da na waje. Yawancin talakawanta mabiya addinin Hindu ne. Abin da ya fito da sunanta shi ne mata huɗu a jere, uwa ta ba ɗiya, suka riƙe ta kusan ba yankewa daga 1819 zuwa 1926.

Wanda ya kafa ta, Dost Muhammad Khan, sojan haya ne ɗan ƙabilar Fashtun daga Afganistan. Bayan rasuwar Sarki Aurangzeb a 1707, daularsa ta Mughal, wadda ke mulkin yawancin Indiya, ta fara sukurkucewa, shi kuma ya yi ta haɗa garuruwa a yankin Malwa, wasu da yaƙi, wasu da dabara, har ya rasu a 1728. Magadansa sun sha wahala a hannun Maratawa, wato mayaƙan daular Hindu ta Marata, waɗanda suka yi wa birnin Bhopal ƙawanya a 1812. Wannan matsi ne ya kai sarkin Bhopal, Nawab Nazar Muhammad Khan, ga ƙulla yarjejeniya da kamfanin Ingila mai mulkin Indiya a 1818.

Shekara ɗaya bayan haka harsashi ya kashe shi. Matarsa Kudsiya Begum, tana da shekara 18, ta tsaya gaban manyan fada ta ce ɗiyarta Sikandar ce magajiya, ita kuma za ta riƙe mata. Haka aka yi har 1837, lokacin da mulki ya koma hannun mijin Sikandar. Ita ta gina babban masallacin Juma'a na birnin.

Sikandar Begum ce gwarzuwar gidan. Ba ta zauna a kulle ba. Tana hawan doki, tana farauta, tana zagaya ƙasa da kanta don duba haraji. Ta zama mai riƙe wa ɗiyarta sarauta bayan mutuwar mijinta a 1844. A tawayen da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857 ta goyi bayan Turawa duk da cewa sojojinta na son akasin haka, matakin da har yau ake taƙaddama a kai, amma shi ya sa aka tabbatar da ita cikakkiyar sarauniya a 1860. Daga baya ta yi aikin Hajji, ta rubuta labarin tafiyar, ta rasu a 1868.

Ɗiyarta Shah Jahan Begum ta fi karkata ga gine-gine da ilimi. Ita ta fara ginin masallacin Tajul Masajid a Bhopal, wanda kuɗi suka yanke masa, bai kammala ba sai shekaru da yawa bayan rasuwarta, kuma da dukiyarta aka gina masallacin Woking a Ingila a 1889. Mijinta na biyu, Siddiƙ Hasan Khan, babban malamin hadisi ne, marubucin tafsirin Fathul Bayan. Turawa sun zarge shi da tunzura jama'a, suka tuɓe masa muƙamai a 1885.

Ta ƙarshe, Sultan Jahan Begum, ta hau a 1901. Ta buɗe makarantu, musamman na mata, ta zama uwar Jami'ar Musulmi ta Aligarh ta farko a 1920, sannan ta sauka da kanta a 1926 ta ba ɗanta Hamidullah Khan.

Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, Hamidullah ya so masarautarsa ta ci gashin kanta, amma bai yiwu ba. Gwamnatin Indiya ta karɓi mulkin Bhopal ranar 1 ga Yuni, 1949. Babbar ɗiyarsa, Abida Sultan, wadda ita ce magajiya, ta koma Pakistan a 1950. Tun 1956 birnin Bhopal ne hedikwatar jihar Madhya Pradesh.